Kan Wayar da Ba Ya Ɗauruwa

Mai Eriya yana jingina tsaninsa a bangon gidan 'yarsa ya jiyo surukinsa yana faɗa a ciki.

"Talabijin ɗin nan kullum sai shuuu! Anya Baba ya iya aikin nan kuwa?"

"Baban nawa?" in ji 'yar. "Wanda ya haɗa wa unguwar nan kaf? Ka dai iya bakinka."

Tsohon ya sosa ƙeya. Iyawa kam ya iya. Mutum ne da in ka ce masa "wancan abin", sai ya tsare ka da karatu: wannan kan waya na murɗawa ne, wancan na matsewa, ga tagullar tsakiya mai ɗauko hoto, ga ragar da ke kare ta, kuma in silin raga ɗaya ya taɓa tagullar, hoto ya tafi. A gidan kowa yakan murɗa kan waya tamau da filaya. A nan kaɗai yake barinsa sako-sako, iska ta ƙarasa. Tunda matarsa ta rasu ɗakinsa ya yi masa faɗi, kuma girman kai ba zai bar shi ya zo hira hannu rabbana ba.

Ranar ya hau ya ɗaure kan da gaske. Hoto ya fito tar.

'Yar ta rako shi tana danne dariya. "Baba, ko ba filaya ana zuwa gidan nan fa."

Ya saɓa tsaninsa a bakin ƙofa. "Na sani. Amma wayar kanta ta tsufa. Jibi zan leƙo."