Inna Fatsuma, wadda ta sa aka ɗage suna

Kafin a buɗe ɗakin shan magani na Miga, ungozoma Inna Fatsuma ta riga ta zaga gida uku da jakarta a hammata. Ban taɓa ganin ta zauna ta shanye kofin kunu ba. Shekara ashirin da shida ke nan tana wannan zirga-zirga, ga shi a watan nan za ta yi ritaya, ni kuwa na kasa yin shiru.

A daminar 1996 Hassana, matar yayana Malam Ɗanmusa, ta haihu a hannunta. Mata suka leƙa suka ce namiji ne. Yayana ya yi huɗuba da sunan Misbahu, ya ɗaure rago, aka raba goro. Inna kuwa hankalinta ya ƙi kwanciya. Kullum sai ta dawo ta laluba jaririn, ba ta jin 'ya'yan maraina. Ana gobe suna ya ƙi nono, sai amai, maɗigarsa ta faɗa. Tsofaffi suka ce a kira wanzami. Inna kuwa ta tare yayana a zaure ta ce a ɗage suna, a tafi Kano yau.

Ya ce ina aka taɓa haka, me zai gaya wa liman da danginmu na garin Aujara da suka riga suka taso?

"Malam, ka ce ni na hana, su zage ni," in ji ta. "Rago zai jira. Wannan jaririn ba zai jira ba."

An kuwa zage ta, har da ni cikin masu zagin, Allah ya yafe mini.

A Kano aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton ciki. Likita ya ce ƙwayoyin halitta na mace ne, ga mahaifa ma. Wani ɗan nama a saman ƙoda ke fitar da sinadarin maza fiye da kima tun tana ciki, shi ya sauya siffar gabanta, kuma ciwon ne ke zubar mata da gishirin jiki. Ya ce da mun tsaya cin suna, da jana'iza za mu yi.

Inna, ke ce kika bi gida-gida kina kashe gulma, kina cewa ba aikin iska ba ne, ciwo ne mai magani. Ke ce har yau kike leƙowa duk wata ki girgiza kwalbar maganin da hannunki, don ba ki yarda da bakinmu ba. Mun gode, Allah ya saka miki da Aljanna. 'Yan baya masu karɓar haihuwa, ku duba da kyau kafin ku yi albishir, in kun yi shakka ku faɗa, ko da an raba goro.

Rukayya muka sa wa yarinyar, tana aji uku a firamare yanzu. Jiya Inna ta shigo a gurguje kamar kullum. Rukayya ta miƙa mata kunu, ta ƙwace jakar ta zauna a kai, ta ce ba inda za ta sai ta shanye. Inna ta duba ƙofa, ta dubi yarinyar, sannan ta jawo kujera ta zauna.