Ranar da Kaka ya miƙe wa Goggo

Yau shekara guda da rasuwar Kaka, tsohon katikis ɗinmu mai koyar da addini a cocin Sabon Gari, kuma har yanzu ina jin kunyar wautata. Ni na garzaya na tsegunta masa an naɗa 'yarsa, Goggona, alƙaliyar babbar kotu, don in sha kallon faɗa. Kullum cewa yake, "Kujerar shari'a ta maza ce."

Sai kawai ya ce, "Ɗauko min sandata, ja'iri, mu je kotun."

Da Goggo ta shigo, tsohon da gwiwoyinsa ke kuka kamar ƙyauren coci ya riga kowa miƙewa, carbinsa na rosari a hannunsa.

Bai taɓa janye maganarsa ba, amma duk ranar da za ta zauna shari'a sai ya kunna kyandir ya yi mata addu'a. Ubangiji ya ba shi madawwamin hutu.