Hashimu Ba Ya Ci a Gaban Suruki

A ƙauyukan da ke kewayen Kunci, in ana zancen kunya sai an ambaci Hashimu. Shi ma in ba a ambace shi ba zai ambaci kansa. Manomin gyaɗa ne, bai fi kowa gona ba, bai fi kowa karatu ba, abu ɗaya yake tinƙaho da shi: tun ranar da aka ɗaura masa aure da Aina'u, mahaifinta Baba Iliyasu bai taɓa ganin bakinsa yana motsi da abinci ba. Ko goro yake tauna, da ya hango tsohon sai ya tofar. Aina'u dai ta san sunan abin. Girman kai ne, rawanin tsiya, ya sa masa suna kunya.

Da ciwon suga ya kama shi, asibiti suka ɗora shi a kan allurar insulin. Gidan ba wuta balle firji, sai Aina'u ta binne ƙaramin tulu cikin jiƙaƙƙen yashi, a nan kwalbar take kwana. Likita ya ja masa kunne: in ya yi allura lallai ya ci abinci, in ba haka ba sugan jikinsa zai yi ƙasa. Alamarsa gumi, rawar hannu da sarƙewar harshe, kuma da ya ji su ya jefa abu mai zaƙi a baki. Tun daga nan ba ya fita sai Aina'u ta cusa masa gutsuren mazarƙwaila a aljihu, yana karɓa yana yatsina kamar ita yake yi wa alfarma.

Da kaka ta yi, Baba Iliyasu ya kira gayyar cirar gyaɗa. Hashimu ya yi allurarsa da sassafe, ya saɓa fartanya.

Aina'u ta ce, "Malam, kokon ya kusa, ka tsaya ka sha."

Ya ce, "Wani ya riga ni isa gonar Baba? Allah ya kiyaye."

Ya dai isa, ya kuma yi aiki kamar wanda ake kallo, don kuwa kallon yake nema. Da hantsi ya dubi ludayi, mata suka kawo fura da ɗanwake gindin ɗorawa, Aina'u na cikinsu. Kowa ya ja ƙwarya. Baba Iliyasu ya zauna dab da surukinsa, ya tura masa ludayi.

Hashimu ya sunkuyar da kai, ya ce, "Alhamdulillahi Baba, a ƙoshe nake."

Daga inda take Aina'u ta hango gumi na tsattsafo masa a goshi, ta ga hannunsa na karkarwa ya shige aljihu ya damƙi mazarƙwailar. Ta yi masa alama da ido ya zaga bayan dawa ya ci. Ina! Lokacin tsohon ya soma yabonsa, yana faɗa wa samari su yi koyi da mai kunya irin Hashimu. Wa zai tashi ana tsakiyar yi masa kirari? Ya zare hannun ba komai, ya gyara zama.

Bai jima ba maganarsa ta fara harɗewa, ya karkace, ya zube yana fizge-fizge. Wuri ya kaure. Wani na tofa masa addu'a, wata na cewa iskar ɗorawa ce. Aina'u ta ratsa maza, ta zaro mazarƙwailar daga aljihunsa ta murƙushe cikin ruwa. Wanta Yahya, wanda ba ya rasa ta cewa ko a kan abin da bai sani ba, ya riƙe mata hannu.

"Mai ciwon suga za ki ɗura wa zaƙi? Kashe shi za ki yi?"

"Sakar min hannu, Yaya. Rashinsa ne zai kashe shi."

Fizgar ta lafa, idon Hashimu ya buɗe, yana iya haɗiya. Ta kai masa kofi baki. Sai idon nan ya sauka a kan Baba Iliyasu, mutumin naku ya datse haƙora. Rai a hannun Allah, amma yana kunya! Takaici ya turnuƙe Aina'u har ta ji kamar ta watsa masa ruwan a fuska.

Ta ce, "Baba, don Allah juya bayanka."

Tsohon ya juya. Hashimu ya zuƙe kofin tas, aka ƙara masa fura. Da hankalinsa ya dawo, bai yi hamdala ba, bai ce mata sannu ba. Ya jawo gefen zanenta ya yi ƙasa da murya.

"Baba ya ga ina ci?"

Aina'u ta dube shi, ta dubi samarin da ke ta kawar da kai suna danne dariya. Ta kwance mayafinta ta jefa masa a cinya.

Ta ce, "Bai ga kana ci ba, Malam, kunyarka na nan. Rufe wandonka, fitsarin da ka saki a gabansa bai bushe ba."