Fuskar Inna a Bangon Littafi

Har yau in na wuce inda ake fenti, warin kananzir ɗin wanke buroshi yakan mayar da ni zauren gidanmu na Bungudu. Nan Baba yake zama da hantsi, allo a kan gwiwa, yana zana bangon littattafan hikaya. Marubuci ya kawo labari, Baba ya karanta rabi ya ce ya gane, bayan mako ya kai wa masu ɗab'i zanen a Gusau.

Baba gwani ne, amma fa fuskar mace ɗaya ya iya. Ko malamar asibiti ce a labarin, ko mai tallar nono, in ka duba da kyau Inna ce: dogon hanci, wushirya, da ɗan tabon gefen gira. Mu 'ya'yansa mun sani, sai dai mu ƙunshe dariya. Ita kuwa ba ta leƙa zaure.

Wata damina goggonmu ta Tsafe ta zo, ko ruwa ba ta sha ba ta zaro littafi daga jaka.

"Ke, ashe kin yi suna! Ga ki nan tashar Gusau, an baza ki bisa tabarma, direbobi na ta kallo."

Inna ba ta yi dariya ba. Kwana uku ba ta ce wa Baba uffan ba, tuwo ma gudaji ya riƙa yi. Ran na huɗu ya tattaro sauran zanen, ya zuba a murhu a gabanta, ya yi alkawarin ba zai ƙara ba. Daga nan matan bangonsa suka zama lami, marubuta suka fara ja da baya, kwamfuta ta zo ta ƙarasa sana'ar.

Ina 'yar shekara goma sha biyu Inna ta rasu, ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba. Yanzu ni ma uwa ce, kuma abin da ke ba ni tsoro shi ne fuskarta ta fara ɓace mini. Na karaɗe kasuwar Gusau neman littattafan nan, na tarar masu sayar da su sun koma sayar da cajar waya. Ina kewarta, ba kaɗan ba.

Da sallar bana na kai wa Baba takarda da fensir. Ya daɗe yana juya su a hannu.

"Ɗiyata, ko ido rufe ina iya zana ta. Amma alkawali na yi mata, kuma ba ta nan balle in roƙe ta ta yafe mani shi."

Ya miƙo mini takardar fara fat, ya ɗanƙa mini fensirin, ya matsa gefe a kan tabarma, ya ce in zauna. Sai ya fara faɗa mini kamanninta da baki, tun daga goshi.