Neman Fitilar Gwaggo Delu, Daga Unguwar Lalle Zuwa Isa

Tashi daga gida

Kiran assalatu ya same ni a tsaye, na riga na ɗaure 'yar jakata. Sai dai ban fita ba sai ƙarfe shida da kwata, don a shekarun nan babu mai hawa hanya kafin gari ya waye sarai. Gwaggo Delu, ƙanwar mahaifina, ta rako ni bakin ƙofa. Saboda ita za ni wannan tafiya.

Ungozoma ce, ta fi shekara arba'in tana karɓar haihuwa a unguwarmu. Kwana huɗu kafin nan aka kira ta wurin wata mai naƙuda. Ta cije tocila da haƙora don hannayenta biyu na aiki, sai jariri ya fito da cibiya naɗe a wuya. Tana cikin warwarewa tocilar ta suɓuce, ta faɗa kwanon ruwa, ta mutu. Da lalube ta ƙarasa. Allah ya raya yaron, amma da ta dawo gida ko furar da aka dama mata ta kasa sha. Ga mata uku a unguwar sun shiga watansu.

Na hau kabu-kabu a kan naira dubu da ɗari biyar. Gero ya fitar da kai dama da hagu. A shingen bincike aka tambaye ni inda za ni, na ce sayen fitila, suka ɗaga mana hannu.

Sabon Birni

Bakwai da 'yan mintoci muka iso. Na sha kunu da ƙosai a bakin tasha, na jira masu kaya suka baje. Tocila kam akwai ta kala-kala. Wani ya miƙo min wata ƙatuwa mai rediyo da jiniya, ya nuna min lambobin da ke jikin kwalinta, ya ce daga nan sai ta haska har garin Gangara. Har na sa hannu aljihu, sai na tuna haƙoran Gwaggo ba za su ɗauke ta ba. Fitilar goshi iri ɗaya na samu, robar ɗaurinta ta saki tun tana sabuwa, ina girgiza ta tana ƙyaftawa.

Wani mai shayi da ya ga ina ta zagaye ya ce idan ta aiki nake so in wuce Isa, in nemi Malam Tunau mai gyaran rediyo, shi ba ya sayar da fitilar da bai buɗe cikinta ba. Ban yi niyyar kwana a waje ba, amma na koma tasha.

Hanyar Isa

Mota ba ta cika ba sai sha ɗaya da minti ashirin, dubu biyu da ɗari biyar kowane mutum, ga buhunan albasa a bayanmu. Direba ya ce duk mai uzuri ya yi shi yanzu, don in ya tashi ba ya tsayawa sai a shinge. Shinge biyu muka wuce. Tsakaninsu motar ta yi tsit, kowa na jan carbi ko kallon daji. Ɗaya saura kwata muka shiga Isa lafiya.

Shagon Malam Tunau

Bayan azahar na same shi, dattijo siriri, gabansa faranti cike da matattun tociloli. Na ce ina son fitilar da ta fi kowace haske. Bai ko tashi ba.

"Wa za shi aiki da ita, kuma wane aiki?"

Na ba shi labarin Gwaggo. Ya ɗauko fitilun goshi uku da allura da zare da farin ƙyalle, ya kai ni ƙuryar shagon inda babu taga, ya ja ƙofa. Ya ce in ɗaura kowace in zura zaren.

Ta farko, wadda ta fi tsada, haskenta ya doki ƙyallen ya dawo min ido, na kasa ganin kafar allurar. Ta biyu sai ka danna sau huɗu kafin ta mutu, a tsakani har da walƙiya. Ta uku ƙarama ce, mara nauyi, haskenta mataki biyu, kuma kanta na sunkuyawa ya kalli hannu. Da ƙaramin hasken na zura zaren a karo ɗaya.

"Ka gani, Malam. Mai haihuwa ba ta son a kashe mata ido, jinjiri ma haka. Kuma yadda garuruwanmu suke yanzu, hasken da ake hangowa daga bayan gari ba alheri ba ne."

Ya ce in manta da lambobin kwali, in duba makunni ko roba ta rufe shi saboda jiƙaƙƙen hannu, in girgiza in ji ko wani abu na motsi a ciki. Na tambaye shi batun fitila mai caji. Ya ce tana da kyau ga wanda sola ke kusa da shi, amma naƙuda ba ta jiran a dawo daga wurin caji. Wannan ƙananan batura uku take ci, irin waɗanda ke kowace tireda. A ajiye wasu a leda, kuma in za ta daɗe ba a kunna ba a cire na ciki kada su zubar da ruwa.

Na saye ta dubu huɗu, batura dubu da ɗari biyu. Na ƙara da 'yar tocilar hannu da ake cajinta da cajar salula, dubu biyu da ɗari biyar, don takawa a hanya.

Masauki

La'asar ta yi, motoci sun daina fita. Na sauka wurin Malam Isiyaku, wanda muka yi karatu tare a gaban malami ɗaya. Aka kawo tuwon gero da miyar kuka, muka ci a zaure muna tuna 'yan ajinmu. Ya shiga da fitilar cikin gida don iyalinsa ta gani. Da ya fito ya ce ta ɗaura a kan kallabi ta sunkuya, sai ta zame mata zuwa hanci. Ta rage tsawon robar, ta ɗinke ta da baƙin zare. Mu maza uku da muka taɓa fitilar nan babu wanda ya tuna da kallabi.

Komawa

Takwas da rabi na safe muka tashi, goma da kwata muna Sabon Birni, kafin azahar ina ƙofar gida.

Gwaggo ta jujjuya fitilar, ta ce ita ba maharbiya ba ce da za ta ɗaura wuta a goshi. Matan gidan suka yi ta dariya. Na ce ta dai gwada. Muka shiga ɗakinta, na saki labule, na ɗaura mata, na kama yatsanta na nuna mata makunnin. Ta buɗe tafukanta a cikin hasken, ta juya su, ta daɗe tana kallo. Ta buɗe jakar aikinta, ta zaro sabuwar reza da zare, ta duba su, ta mayar.

Sai ta ɗago, hasken ya sauka a fuskata.

"Garba, ashe har ka yi furfura? Ni na yanke maka cibi a ɗakin nan, da fitilar aci-balbal."

Ta sa hannu ta shafa gemuna, ta ce in je in ci abinci. Har na kai tsakar gida ba ta cire ta ba.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Malam Tunau, da Malam Isiyaku da iyalinsa, da mai shayin da ban tambayi sunansa ba, Allah ya saka musu da alheri.