Injin Garejinmu da Irin Geron Kawu

Ina tsugune a garejinmu na fentin mota a Batsari, ina tsiyaye ruwan sabon injin busar da iska a cikin wata roba, sai ga Kawu, manomi daga Darini.

"Kai, wa ya ɗura masa ruwa?"

"Ba kowa, Kawu. Iskar feshi yake sanyayawa kamar firji, ya tatse damshinta kada fenti ya yi ƙuraje."

Ya leƙa robar. "Makon jiya ya kai haka?"

"Ko rabi bai kai ba."

Ya miƙe. "To, damshi ya ƙaru a iska, damina ta ƙarato. Bari in je in fiddo irin gero."

Irin nan shi kaɗai ya rage masa. Manoma, don Allah, ya shuka ko ya dakata?