Nonon da Na Sha a Obiagu

Jiya da rana jikata ta shigo da wani ƙunshi a leda, ta ce wata 'yar Ibo ce ke sayarwa a bakin makarantarsu. Tun kafin ta kwance na san ko mene ne. Ƙamshin gujjiya da manja, da na ganyen ayaba da ya sha tururi. Okpa ce, 'yar'uwar alala, sai dai ita da garin gujjiya ake yin ta. Ta miƙo min, na ce ina azumi. Ƙarya na shara wa yarinya da furfurata, don rabona da sa okpa a baki tun ina shekara tara.

A Enugu aka haife ni, a unguwar Obiagu. Baba mahauci ne, da ya idar da sallar asuba sai mayanka. Gidan haya muke, ɗakuna a jere, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya. Ɗaki guda na Baba da Inna, guda na Kaka, mahaifiyar Baba. Ɗakin ƙarshe kuwa na wata 'yar Ibo ne mai sana'ar okpa. Nne nake ce mata, wato uwa da yarensu, kuma ba don ladabi kawai ba.

Kwana goma da haihuwata zazzaɓi ya kwantar da Inna, nono ya ƙafe. Kaka ta gwada madarar akuya, ta gwada ruwan koko, duk ina amayarwa. An ce har kukana ya daina fita. Ita kuwa Nne tana goyon ɗa namiji ɗan wata biyu. Ba ta nemi izinin kowa ba, ta ɗaga labule ta ɗauke ni daga cinyar Kaka ta sa min nono. Wata huɗu tana shayar da mu biyu. Da Baba ya kai maganar wurin liman, liman ya ce ai shi ke nan, matar nan uwata ce, ɗanta kuma ɗan'uwana ne, ko aure babu tsakaninmu har abada.

Kaka ta karɓi hukuncin, amma bai yi mata daɗi ba. A wurinta nono ba abinci ba ne kawai, hali yake ɗauke da shi. In na mayar da magana, sai ta girgiza kai ta ce, "Ba laifinki ba ne, nonon ne." In na yi waƙa ina shara, nonon ne. In na ci barkono ban yi tari ba, nonon ne. Amma ranar da na fara kawo hadda babu gyara, sai ta ce jinin gidansu ne. Ka ji rabon Kaka: na kirki nata, na tsiya na Nne. Ba ta taɓa cin abin da ya fito daga tukunyar Nne ba, ko a moɗa ɗaya ba sa shan ruwa. Duk da haka da la'asar za ka gan su a tabarma ɗaya suna tsince tsakuwa daga gujjiya, wannan da Hausa, waccan da Ibo, ni ce tafinta.

Ni dai abin ya shige min rai. A makarantar allo yara suna ce min 'yar Inyamurai, na yi dambe a kan haka ya fi a ƙirga. Wata rana na tambayi Kaka ko akwai maganin da zan sha nonon ya fita. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, "Ina zai fita? Ya riga ya zama ƙashi."

Sai shekarar tashin hankali ta zo. Wajen ƙarshen damina jiragen ƙasa suka fara isowa daga Arewa cike da mutanen Gabas, wasu da raunuka, wasu ba rai. Nne tana da ƙane tela a Arewa. Kwana uku tana zuwa tasha, bai sauko ba. Ta daina ɗora tukunya. Maƙwabtan da muke gaisawa kullum suka koma kallon ƙasa in sun gan mu, Baba ma ya daina fita mayanka.

Wata ranar da azahar samarin gari suka tsaya a ƙofar gida da sanduna. Muna ɗakin Kaka a kulle, ina leƙe ta hudar ƙofa. Nne ta ja turminta ta kifa a bakin ƙofar gida, ta zauna a kai. Ta yi musu magana ba tare da ta ɗaga murya ba. Kaka ta matse hannuna ta ce, "Me take cewa?" Na ce, "Ta ce akwai 'yarta a ciki, wadda ta sha nononta. Mai son shiga ya fara ta kanta." Suka yi ta hayaniya, daga baya suka watse. Kaka ta ci gaba da jan carbinta.

Bayan kwana biyu sojoji suka kwashe mu zuwa tasha, za a mayar da mu Arewa. Tarago ya cika maƙil da mutanenmu, har da waɗanda suka tsero daga wasu garuruwa, kowa da abin da ya gani. Kusa da mu wani mutum ne da tsumma ɗaure a kai, jini ya bushe a jiki. An kashe yayansa. Yana ta faɗi da ƙarfi cewa duk halinsu ɗaya, tun a nono suke shan mugunta. Mutane suna gyaɗa kai. Ni kuwa gani nake kowa zai iya hango abin da ke cikin ƙashina.

A nan na ji muryar Nne. Ta ratso ta tsakanin sojoji da ƙunshi a hannu, ɗanta yana riƙe da zanenta, tana bin tagogi tana kira, "Nwa m, nwa m," wato 'yata. Ta tsaya daidai tagarmu, ta ɗago min ƙunshin yana tururi. Ashe don ni ta sake ɗora tukunya. Mai tsumma ya dube ni ya ce, "Ke take kira?" Na kau da kai, na ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Ban san ta ba. Ba na jin yarensu." Kuma Nne tana jin Hausa daidai gwargwado. Na ga hannunta ya ɗan sauka.

Kaka ce ta miƙa hannu ta taga ta karɓa. Ta ce, "Mun gode, uwar yarinya. Allah ya tsare ki." Jirgi ya motsa. Kaka ba ta dake ni ba, da ma ta dake ni. Ta kwance ganyen a gaban kowa, matar da ba ta taɓa ɗanɗana girkin Nne ba, ta yi bismillah ta ci. Ta dubi mai tsumma ta ce, "Malam, Allah ya ji ƙan yayanka. Amma nonon matar can ne ya raya jikata." Sannan ta gutsuro ta miƙo min. Na ƙi karɓa don kunya da tsoro.

Daga nan yaƙin basasa ya ɓarke, Obiagu ta watse. Bayan an gama Baba ya koma sau ɗaya, ya tarar da baƙin fuskoki a gidan, ba wanda ya san inda mai okpa da ɗanta suka nufa. Kaka ba ta sake ce min "nonon ne" ba har ta rasu, ko da na yi rashin kunya. Ina jin ta ga abin da na gani daga baya: abin da na yi a tasha ba a nonon Inna na sha shi ba, ba kuma a na Nne ba. A bakin manya na tsince shi, tsoro ya ƙarasa.

Yanzu a nan Kano ina jin jikokina suna cewa su wane haka halinsu yake, a jininsu yake. Ban taɓa gaya musu cewa ina da ɗan'uwa a Gabas ba, in yana raye ya tsufa kamar ni. Yaren ma ya gudu daga bakina, kamar ya ji abin da na faɗa ya yi zuciya.

Da yamma na kira jikar tawa na ce mata ba azumi nake ba. Na ce gobe in ta ga mai okpar nan, ta gaishe ta da kyau, ta tambayar min yadda ake cewa "na'am" da yarensu. Na manta, kuma shi kaɗai Nne ta zo nema a wurina ranar.